Sana'ar Kula da Na'urorin Lantarki a Masana'antu: Kira ga Ɗaliban Kimiyya na Kakau da Kewayenta

Gabatarwa

Garin Kakau yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna zuwa Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kaɗan bayan an wuce Gonin Gora. Yaron da ya tashi a wannan gari ya tashi ne a tsakanin masana'antu iri biyu. In ya fuskanci cikin gari zai tarar da Kakuri, inda manyan masaƙun Arewa suka yi zamaninsu har suka rufe ƙofa. In kuma ya bi hanyar Abuja zai tarar da sababbin kamfanoni da aka kafa cikin 'yan shekarun nan, waɗanda injunansu ke aiki dare da rana bisa umurnin na'urori. To amma in aka shiga ajin kimiyya a kowace makarantar sakandare ta wannan yanki aka tambayi ɗalibai abin da suke son zama, amsar da za a fi ji ita ce likita, sai injiniya, sai mai haɗa magunguna. Da wuya a sami wanda zai ɗaga hannu ya ce burinsa shi ne ya zama mai kula da na'urorin da ke sarrafa injunan masana'anta, watau wanda ma'aikata ke kira tekinishan.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa wannan rashin sha'awa kuskure ne, kuma asara ce ga ɗalibai da iyayensu da ƙasa baki ɗaya. Sana'ar ta cancanci a neme ta da gangan tun daga sakandare, kuma ɗalibai masu hazaƙa a Lissafi da Fizik su ne suka fi dacewa da ita. Za a yi bayanin aikin, da hanyoyin koyonsa, sannan a dubi hujjojin masu ganin ba shi da makoma, domin kuwa hujjojin nasu ba na banza ba ne.

Mene ne Aikin?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan aiki ita ce a duba jikin ɗan Adam. Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa ne a kusan digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, ko ana tsananin zafin bazara ko ana sanyin hunturu. Dalili kuwa shi ne akwai jijiyoyi a fata da cikin jiki masu jin zafi da sanyi, suna aika saƙo zuwa wani ɗan sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas. Wannan sashe yakan gwada saƙon da ya zo masa da matsayin da ya kamata jiki ya tsaya. In zafi ya yi yawa sai ya sa gumi ya fito, jini ya yawaita a fata. In sanyi ya yi yawa sai ya sa jiki ya ɗauki karkarwa domin tsoka ta samar da ɗumi. Da zarar zafin ya daidaita, jijiyoyin nan sai su sake kai labari, umurni ya tsaya. Masanin kimiyyar jiki ɗan Amurka, Walter Cannon, shi ne ya raɗa wa wannan daidaito suna homiyostasis a cikin shekarun 1920.

Masana'antar zamani da irin wannan tsari take aiki. Tana da na'urorin ji, masu auna zafi da nauyi da matsin iska da cikar tanki da saurin juyawar inji, su ne a matsayin jijiyoyi. Tana da ƙaramar kwamfuta mai jure ƙura da zafi da girgiza, wadda ake kira PLC, ita ce a matsayin ƙwaƙwalwa. Tana kuma da motoci masu juyawa da ƙarfin lantarki, da famfuna, da bawul masu buɗe bututu da rufe shi, su ne a matsayin tsoka. An ƙirƙiro PLC ne bayan da kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya nemi a 1968 a samar masa da abin da zai maye gurbin ɗaruruwan makunnai masu wayoyi birjik da ake sake ɗaurawa duk lokacin da aka sauya samfurin mota. A 1969 Richard Morley da abokan aikinsa suka fito da na'urar Modicon 084. Tun daga nan, in ana son inji ya sauya aiki, sai a sauya umurnin da aka rubuta masa, a bar wayoyi yadda suke.

Tekinishan shi ne mutumin da ke girka waɗannan sassa, ya haɗa su, ya gwada su, ya tabbatar ma'auninsu na faɗin gaskiya, ya kuma gano inda cuta take in tsarin ya rikice. Ya bambanta da mai sa wayar gida, wanda aikinsa kai wuta ga ƙwai da fanka. Ya kuma bambanta da injiniya mai zana tsarin a takarda ko a kwamfuta. Shi ne ke tsaye a gaban injin da ƙarfe biyu na dare lokacin da komai ya tsaya cik, da mitarsa a hannu da zanen da'irar lantarki a gabansa, manaja kuwa na lissafin asarar kowace sa'a.

Misali Daga Gidan Ƙyanƙyasa

A watan Satumba na 2017 kamfanin Olam ya buɗe katafaren gidan ƙyanƙyasar kaji da masana'antar abincin dabbobi a kan wannan hanya ta Kaduna zuwa Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wanda aka gina domin fitar da 'yan tsaki fiye da miliyan ɗaya a kowane mako. Ɗalibin Bayoloji zai fi kowa gane abin da ke faruwa a cikin kowane gidan ƙyanƙyasa irin na zamani, a ko'ina yake a duniya.

Ƙwan kaza na buƙatar kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe. Yakan yi kwana 18 a injin farko, inda ake riƙe zafi a wajen digiri 37.5, ana daidaita laimar iska, ana kuma karkata farantan ƙwai daga wannan gefe zuwa wancan kusan kowace sa'a domin kada ɗan tayi ya manne wa ɓawo. Sauran kwana 3 kuma a injin ƙyanƙyasa. Kaza mai kwanci tana yin duk wannan da jikinta, ba tare da kowa ya koya mata ba. Amma injin da ke ɗauke da dubban ƙwai ba shi da wata dabara sai wadda aka sa masa. Daɗin daɗawa, in ɗan tayi ya girma yakan fara fitar da zafin kansa, ta yadda a kwanakin ƙarshe aikin injin yakan koma sanyaya ƙwai da shigo musu da iska. In fanka ta tsaya a wannan lokaci ba a farga ba, zafin jikin 'yan tsakin da kansa shi zai hallaka su.

Na'urar da aka fi amfani da ita wajen auna zafi a masana'antu wata 'yar siririyar waya ce ta ƙarfen filatinam, mai suna Pt100. Turjiyar da take yi wa lantarki om 100 ce daidai a digiri 0, kuma tana ƙaruwa da kimanin om 0.39 a kan kowane digiri ɗaya, ta kai om 138.5 a digiri 100. A digiri 37.5 za a same ta a wajen om 114.6. To, a ce laima ta sa tsatsa ta kama bakin wayar da ta haɗa wannan na'ura da kwamfuta, har turjiya ta ƙaru da om 0.4 kacal. Kwamfuta za ta ɗauka zafi ya haura da digiri ɗaya, sai ta rage wuta. Allon injin zai ci gaba da nuna 37.5, alhali ƙwai na kwance a 36.5. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa. Sai bayan mako uku a ga ƙyanƙyasa ta yi jinkiri, 'yan tsaki sun fito da rauni, wasu kuma sun mutu a cikin ɓawo. Wanda zai hana wannan asara shi ne tekinishan da ya san dalilin da ya sa ake haɗa irin wannan na'ura da waya uku ko huɗu domin a cire turjiyar wayoyin daga lissafi, wanda kuma ke zagayawa da amintaccen ma'aunin zafi yana gwada gaskiyar abin da allo ke nunawa.

Haka kuma, a masana'antu akan aika sakamakon awo ta waya a matsayin kwararar lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20. In na'ura na auna daga digiri 0 zuwa 100, to 4 na nufin 0, 20 na nufin 100, 12 na nufin 50, digiri 37.5 kuma zai ba da miliamfiya 10 cif. Hikimar farawa daga 4 ita ce, in mita ta nuna babu kwarara ko kaɗan, an san waya ce ta tsinke. Ɗalibin aji biyar da ya iya lissafin miƙaƙƙen layi zai iya fitar da waɗannan alƙaluma da kansa. Ke nan abin da ake koyarwa a allo yana da wurin zama a masana'anta, sai dai ba a cika nuna wa ɗalibai hakan ba.

Hanyoyin Koyon Sana'ar

Abin mamaki shi ne kusan duk cibiyoyin da suka shafi wannan ilmi suna kusa da ɗan Kakau. Hanya ta farko ita ce kwalejin fasaha, kamar ta gwamnati da ke Malali a cikin Kaduna. Ɗalibin da ya gama ƙaramar sakandare zai yi shekara uku yana koyon aikin lantarki ko na ilektaronik, ya zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ya sami takardar shaidar fasaha ta ƙasa. Da wannan takarda zai iya kama aiki, zai kuma iya neman shiga babbar makaranta.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ya gama babbar sakandare da kiredit biyar, ciki har da Lissafi da Ingilishi da Fizik da Kemistiri, ya kuma zauna jarrabawar JAMB. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 a matsayin cibiyar koyar da sana'o'in fasaha, ta zama foliteknik a 1968, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 1991, tana koyar da aikin injiniyan lantarki da ilektaronik. Haka ma Foliteknik ta Nuhu Bamalli da ke Zariya. Tsarin karatun shi ne shekara biyu na ƙaramar difloma, sai shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sai kuma shekara biyu na babbar difloma. A cikin karatun akwai watannin koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, ya ƙirƙiro a 1973, shekara biyu bayan kafa asusun. Hukumar da ke tsara manhajar dukkan waɗannan makarantu a faɗin Nijeriya, watau NBTE, an kafa ta a 1977, kuma hedkwatarta a Kaduna take.

Hanya ta uku ita ce ta gargajiya, watau zama a ƙarƙashin maigida. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga abin da hannu da basira ke iya yi, daga naɗin wayar moto har ƙera injin niƙa. Mai bin wannan hanya zai iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Sai dai a faɗi gaskiya: kwaikwayon maigida kaɗai ba ya isa a wannan fanni. Makanikin mota na iya jin ƙarar inji ya san cutarsa, amma lantarki ba a ganinsa, ba a jin motsinsa, sai an auna an kuma fassara awon. Wanda bai san dokar Ohm ba, bai kuma iya karanta zanen da'ira ba, abin da zai yi bai wuce canza kaya ɗaya bayan ɗaya yana fatan dacewa ba. Shi kuma mai difloma da bai taɓa riƙe ƙarfen like da dalma ba, ya ƙone na'urar miliyoyin naira a ranar farko.

Ƙasar Jamus ta daɗe da warware wannan matsala. A can, matashin da ke son zama tekinishan lantarkin masana'anta yakan yi shekara uku da rabi yana raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta, kwana uku ko huɗu a gaban inji, kwana ɗaya ko biyu a aji, kamfanin kuma na biyansa alawus tun daga watan farko. Dokar ƙasa ta 1969 ce ta tsara wannan horo. Ba a ɗaukar mai wannan takarda a matsayin wanda ya kasa shiga jami'a, kuma a kan irinsa masana'antun ƙasar suka dogara.

Hujja ta Farko: Ai Masana'antun Sun Mutu

Uban da ya yi aiki a Kakuri yana da dalilin yin shakka. Masaƙar Kaduna, watau KTL, ta fara aiki a 1957 a zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, tare da su Arewa Textiles da Nortex. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar man fetur ta Kaduna kuma aka buɗe ta a 1980. Dubban iyalai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka kafa gidajensu a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya saboda waɗannan ayyuka. Daga baya rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar atamfofin waje ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Matatar mai ma ta shafe shekaru ba ta tace mai yadda aka gina ta ta yi. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, in ya ce ɗansa ya nemi aikin ofis, ba za a ce bai san abin da yake faɗa ba.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, masana'antun da ake kafawa yanzu ba irin na da ba ne. Masaƙar da tana ɗaukar dubban leburori masu tsayawa a gaban injin saƙa. Masana'antar yau tana ɗaukar mutane kaɗan, amma kaso mai yawa daga cikinsu masu kula da na'urori ne. Ban da gidan ƙyanƙyasar da aka ambata, a 2022 kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a sabuwar masana'antarsa da ke kan wannan hanya ta Abuja. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a watan Yuli na 2016 a kan layi mai tsawon kilomita 186, yana dogara ne da na'urorin sigina da na sadarwa. Matashin yankin da ba shi da wannan ilmi, abin da zai samu a irin waɗannan wurare bai wuce gadi ko dako ko share fili ba, aikin da ke da albashi mai kyau kuwa a ɗauko masa mutum daga nesa, wani lokaci ma daga ƙasar waje. An ba da gonakin kakanni an gina masana'anta, 'ya'yan masu gonakin kuma suna tsaye a bakin ƙofa.

Na biyu, wannan ilmi ba ya mutuwa da mutuwar kamfani. Wanda aikinsa ɗaura zare a injin saƙa ne, ranar da aka rufe masaƙa sana'arsa ta ƙare. Wanda ya san na'urar ji da PLC da sarrafa moto kuwa, zai iya aiki a gidan ruwa, da kamfanin lemo, da injin casar shinkafa, da turakun wayar salula, da asibiti. Yaɗuwar wutar sola ta buɗe wata babbar ƙofa, domin kowace inbata da kowane famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana na'urar ilektaronik ce da za ta buƙaci gyara wata rana. A ɗakunan binciken kimiyya na jami'o'i da asibitoci ma, ba abin mamaki ba ne a tarar da injin tace jini ko na dafa kayan aiki ko na renon ƙwayoyin cuta an lulluɓe shi da ƙyalle shekara da shekaru, alhali abin da ya lalace a ciki ɗan ƙaramin sashe ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Hausawa na cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Har ma matsalar wutar lantarki da ta kashe masaƙu tana ƙara wa tekinishan daraja. Moto mai kan maganaɗisu huɗu yana juyawa kusan sau 1,500 a minti a kan wutar Nijeriya mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Akwai na'urar da ke sauya yawan wannan kaɗawa domin rage ko ƙara saurin moton. A fanka ko famfo irin mai juyawa, in aka rage sauri da kashi 20 cikin 100, wutar da ake ci takan ragu da kusan rabi. Ga kamfanin da ke ƙona dizal a janareto, mutumin da ya iya girka wannan na'ura ya daidaita ta ya biya albashinsa da kansa.

Hujja ta Biyu: Mai Digiri Ya Fi Mai Difloma

Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. An daɗe a Nijeriya ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, musamman a aikin gwamnati. A 2021 Majalisar Dokokin Tarayya ta zartar da ƙudurin haramta wannan bambanci, amma wa'adin gwamnatin lokacin ya ƙare a 2023 ba a sa masa hannu ba. Wajibi ne a ci gaba da neman gyara, domin ƙasar da ke ƙasƙantar da masu riƙe mata injuna tana sare reshen da take zaune a kai.

Duk da haka, ya kamata ɗalibi ya auna lamarin da idon basira. Bambancin ya fi ƙarfi a ofisoshin gwamnati, inda guraben aiki ba su da yawa ko ga masu digirin. A masana'antar 'yan kasuwa, in layin sarrafa kaya ya tsaya, wanda ya tashe shi ake nema. Bugu da ƙari, majalisar COREN mai kula da aikin injiniya tana yi wa masu fasaha da tekinishan da masu sana'ar hannu rajista, kowa a matakinsa, kuma ƙofar ƙarin karatu har zuwa digiri a buɗe take ga mai difloma. Injiniyan da ya fara daga gaban inji yakan fi sanin abin da yake zanawa. Abin tausayi shi ne ɗalibin da ya shafe shekara uku ko huɗu yana maimaita jarrabawa domin neman gurbin likitanci, alhali a cikin waɗannan shekaru da ya gama ƙaramar difloma har ya fara ɗaukar nauyin kansa.

Abin da Ya Rage ga Makarantu da Malamai

Nijeriya ta taɓa gwada shigar da fasaha cikin sakandare. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo kayan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, amma da yawa daga cikinsu suka ruɓe a akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da aka horar ya girka su. Darasin da ke ciki shi ne a fara da mutum kafin kaya. A yau kuwa kayan koyo sun yi araha ƙwarai. Da mita ɗaya, da batir, da 'yan tiranzista, da ƙaramin allon Arduino, ƙungiyar ɗaliban kimiyya za ta iya haɗa injin ƙyanƙyasa a cikin kwali ko tsohon firji, da ƙwan lantarki mai ba da ɗumi da na'urar auna zafi. Malamin Fizik ya kula da da'irar lantarki, malamin Bayoloji ya kula da girman ɗan tayi, malamin Aikin Gona ya karɓi 'yan tsakin. Ɗalibin da ya yi kwana 21 yana rubuta zafi safe da yamma, ya ga abin da ya faru daren da wuta ta ɗauke, ya koyi abin da karatun allo na zango guda ba zai ba shi ba.

Ya kamata shugabannin makarantun Kakau da Gonin Gora da Sabon Tasha da sauran unguwannin kudancin Kaduna su riƙa neman izinin kai ɗalibai ziyara masana'antun da ke maƙwabtaka da su, domin gani ya kori ji. Su kuma kamfanonin, haƙƙin maƙwabtaka ne a kansu su ware guraben koyon aiki ga matasan garuruwan da suka ba su masauki, kuma ribar hakan gare su za ta koma, tun da ma'aikacin da iyalinsa ke kusa ya fi daɗewa a bakin aiki. Kada kuma a bar 'yan mata a baya. Aikin na buƙatar natsuwa da lura da tsabtar hannu da haƙurin bin matsala daki-daki, ƙarfin damtse kuwa ba shi da wani muhimmanci a cikinsa.

Wajibi ne kuma a koyar da tsaro tun daga ranar farko. Wutar gida bolt 230 ce, ta masana'anta mai layi uku kuwa ta kai wajen 400. Kwararar da ba ta wuce miliamfiya 50 zuwa 100 ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta kai ga mutuwa, domin ita kanta zuciya da saƙon lantarki take bugawa. Wasu na'urorin kuma sukan riƙe caji na mintoci bayan an kashe wuta. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a kashe makunni, a sa masa kwaɗo, a riƙe mabuɗin a aljihu, a auna a tabbatar babu wuta, sannan a taɓa. Gwajin ɗalibai a makaranta kuwa ya tsaya a kan batir da ƙaramar wuta, duk abin da ya shafi wutar bango malami ne zai haɗa shi.

Kammalawa

Ƙasar nan na buƙatar likitoci, kuma duk ɗalibin da Allah ya ba ikon zama likita, a ƙarfafa masa gwiwa. Amma likitan da kansa ba zai yi aiki ba in injin hoton ƙirji da na gwajin jini suna kwance babu mai tashe su. Ɗalibin kimiyya na Kakau da ke shirin cike takardar JAMB a bana, ya kamata kafin ya rubuta zaɓinsa ya je sashen lantarki na foliteknik ya ga ɗakunan aikinsu, ya nemi wani tekinishan ya tambaye shi yadda ranar aikinsa take, ya kuma zauna da iyayensa su yi lissafin shekaru da kuɗin da kowace hanya za ta ci. Malamai kuma su taimaka masa da gaskiyar bayani. Masana'antun da ke kan hanyar Abuja za su ci gaba da ɗaukar masu kula da na'urorinsu ko daga ina suka fito, kuma babu abin da zai hana su fito daga Kakau in an fara shiri tun yanzu.